Ƙwayar Bitamin: Wa Ke Saye, Wa Ke Buƙata?

A kusan kowane kemis na manyan garuruwan ƙasar Hausa akwai kanta guda da ba ta rasa ciniki, wato wadda aka jera wa kwalaben bitamin da maganin ƙarin jini da ƙwayoyin man kifi da garin zogale a cikin kafso. Masu sayen waɗannan kaya galibinsu ba majinyata ba ne. Ma'aikata ne da 'yan kasuwa da matan gida masu ɗan abin hannu, waɗanda suka ji a rediyo ko suka gani a waya cewa abincin zamani ba ya wadatar da jiki, sai an yi masa ciko. Abin da suka ji ba ƙarya ba ne. Giɓin yana nan, kuma a yankinmu ya fi na yawancin duniya faɗi. Sai dai idan aka bi diddigin hujjojin da likitoci suka tara cikin shekaru ɗari da suka wuce, za a ga ƙwayar tana faɗawa hannun da ba shi ke buƙatarta ba. Mai cin nama da ƙwai yana kashe dubban nairori a kan abin da jikinsa zai zubar a fitsari, mai ciki a ƙauye kuma, wadda ƙwayar da ake rabawa kyauta za ta iya tsare ranta, ba ta samu ba, ko ta samu ta ajiye a ƙarƙashin katifa.

Jiki yana buƙatar abinci iri biyu. Akwai wanda yake so da yawa, mai ba da ƙarfi da gina tsoka, kamar hatsi da mai da wake da nama. Akwai kuma sinadaran da yake so kaɗan ƙwarai, wasu ma abin da ake buƙata a rana bai kai ƙwayar gero ba, amma in babu su aiki ya tsaya: ƙarfe don haɗa jini, aidin don maƙogwaro da ƙwaƙwalwa, bitamin A don ido da garkuwar jiki, zinki don girma da warkewar hanji, kalsiyam don ƙashi, folik asid don ginin ɗan tayi. Rashin na farko kowa yana ganinsa, domin ciki yana kuka. Rashin na biyu shi masana ke kira ɓoyayyiyar yunwa, saboda mutum zai ci tuwo ya ƙoshi ya kwanta, alhali jininsa yana raguwa. Binciken lafiyar al'umma da aka gudanar a faɗin Nijeriya a 2018 ya nuna cewa kashi 68 cikin 100 na yara 'yan wata 6 zuwa shekara 5 suna da ƙarancin jini, haka ma kashi 58 cikin 100 na mata masu shekarun haihuwa. Yaran da suka tsumbure, wato tsayinsu bai kai na shekarunsu ba, sun kai kashi 37 cikin 100 a ƙasa baki ɗaya, amma a Arewa maso Yamma adadin ya kai 57. A cikin yara 'yan wata 6 zuwa 23, kusan ɗaya ne kawai cikin goma ke samun abincin da ya cika mafi ƙarancin ma'auni na yawa da bambancin iri. Wannan yanki ne da ke noma wake da gyaɗa da riɗi, yake kiwon shanun da ake ci har Legas.

Wani ɓangare na matsalar sabo ne. Tukunyar birni ta canza cikin shekaru arba'in. Taliya da biredi da taliyar leda ta yara da lemon kwalba sun ture fura da ɗanwake da dambu daga wurarensu. Dunƙulen ɗanɗano ya kori daddawa daga miya, kuma bambancin ba na ƙamshi ba ne kawai: daddawar kalwa abinci ce mai furotin da ƙarfe, dunƙule kuwa mafi yawansa gishiri ne. Shinkafa da mai da yaji, ko garau-garau da aka rage wa wake saboda tsada, ta zama abincin rana a gidaje da yawa, babu ganye ko ɗaya a kai. Injin zamani kuma yana tankaɗe gari fari tas, ya raba shi da dusa da ƙwayar tsiro, inda mafi yawan bitamin da ƙarfe suke. Illar wannan tsohon labari ne a kimiyya. A shekarun 1890 wani likita ɗan ƙasar Holan, Christiaan Eijkman, da ke aiki a tsibirin Jaba na Indunusiya, ya lura kajin da ake ba su gogaggiyar farar shinkafa suna shanyewa da irin cutar beriberi da ke kashe mutane a can, in aka mayar musu da shinkafa mai dusa sai su miƙe. Daga irin wannan bincike ne aka gano bitamin, aka raɗa masa suna a 1912. Mu a nan wata al'ada ta kare mu daga wannan cuta ba tare da mun sani ba: gumin shinkafa da matan karkara ke yi kafin a cashe ta yana tura bitamin ɗin bawo zuwa cikin ƙwaya, shi ya sa turarriyar shinkafa ta fi fara ƙal ɗin nan amfani ko da ba ta kai ta kyan gani ba.

Daga nan wasu ke yanke hukunci cewa magani shi ne a koma abincin kakanni, a watsar da duk wata ƙwaya. Akwai gaskiya a maganar, amma ba ta cika ba. Kakanninmu sun san dundumi, wato yaro ko mai ciki su kasa gani da zarar magariba ta yi, kuma wannan alamar rashin bitamin A ce. Sun san maƙoƙo, wanda rashin aidin a ƙasar noma ke kawowa, kuma ba irin miyar da za ta magance shi in ƙasar da aka shuka ganyen ba ta da sinadarin. Gero da dawa suna da ƙarfe, amma suna ɗauke da wani sinadari mai suna fayitet da ke ɗaure shi a hanji, ya hana mafi yawansa shiga jini. Sannan buƙatar mutane ba ɗaya ba ce. Namiji baligi yana buƙatar ƙarfe kamar miligiram 8 a rana, mace mai jinin al'ada 18, mai ciki kuwa 27, adadin da da wuya tuwo da miyar kuka su kai komai yawansu. Wani bincike da Dokta Tom Thacher da abokan aikinsa suka yi a asibitin koyarwa na Jami'ar Jos, aka buga shi a 1999, ya ƙara fito da wannan fili. A Turai, idan ƙafafun yaro suka lanƙwashe ko suka gwame, rashin bitamin D ake zargi, domin rana ba ta wadace su ba. Yaran Jos rana ba ta yi musu ƙaranci ba. Abin da suka rasa kalsiyam ne, saboda abincinsu masara ne ba nono, abin da suke samu a rana bai wuce miligiram 200 ba. Da aka gwada, waɗanda aka ba kalsiyam sun fi waɗanda aka ba bitamin D zalla warkewa. Abincin gargajiya ne ya bar wannan giɓi, kuma da an kwaikwayi maganin Turai ido rufe da an yi ta ɗura wa yaran abin da ba shi suka rasa ba.

To ina ƙwaya ta tabbatar da amfaninta? A wurare ƙalilan ne, amma masu nauyi, kuma dukansu suna da siffa ɗaya: an san wanda ya rasa, an san abin da ya rasa, an san lokacin da zai sha. Babban misali shi ne folik asid. A 1991 wani gwaji da Majalisar Binciken Lafiya ta Birtaniya ta jagoranta ya nuna cewa ba mata wannan sinadari kafin ɗaukar ciki ya rage sake haihuwar jarirai masu buɗaɗɗen ƙashin baya ko tawayar ƙwaƙwalwa da kusan kashi 70 cikin 100. Hukumar Lafiya ta Duniya tana ba da shawarar kowace mai ciki ta sha ƙarfe miligiram 30 zuwa 60 da folik asid maikurogiram 400 kullum, su ne jar ƙwaya da 'yar ƙaramar rawaya da ake bayarwa a wurin awo. Inda mata ba sa samun nono da kifi sosai, ana ƙara musu kalsiyam don rage haɗarin hawan jinin masu ciki da jijjiga. Ga yara kuma akwai ɗigon bitamin A. Likitan ido Alfred Sommer ya je Indunusiya ne don ya hana yara makancewa, sai ya tarar a gwajin da ya buga a 1986 cewa mutuwar yaran da aka ba ɗigon ta ragu da kusan kashi ɗaya cikin uku. Gwaje-gwajen da suka biyo baya sun sami ragin da bai kai haka ba, amma ya isa a ce kafso shuɗi ga ɗan wata 6 zuwa 11, ja ga ɗan shekara 1 zuwa 5, sau biyu a shekara, yana cikin abubuwa mafi arha da ke ceton rai. Haka zinki ga yaro mai gudawa: tun 2004 aka daidaita cewa a haɗa shi da ruwan gishiri da sukari, a yi ta ba shi kwana 10 zuwa 14 ko da zawon ya tsaya, domin yana gajarta ciwon, yana kuma jinkirta dawowarsa.

Mutanen Maraɗi sun ga mafi girman misalin ciko mai aiki da idonsu. A yunwar 2005, ƙungiyar Likitoci Marasa Iyaka ta yi jinyar yara fiye da 60,000 masu tsananin tamowa a Nijar, yawancinsu a jihar Maraɗi, kuma mafi yawa a gidajen iyayensu, ba a gadon asibiti ba. Abin da ya sa hakan ya yiwu shi ne ɗan ƙunshin nan na markaɗaɗɗiyar gyaɗa da madarar gari da sukari da mai, wanda aka zuba wa bitamin da ma'adinai daidai gwargwado. Wani likitan yara Bafaranshe, André Briend, shi ya tsara shi a 1996. Ba ya buƙatar ruwa ko wuta, ƙwayoyin cuta kuma ba sa yaɗuwa a cikinsa. Amma shi ma magani ne na yaron da aka auna damtsensa aka ga awon ya faɗa cikin ja, alamar tsananin tamowa. Duk lokacin da ya ɓulla a kasuwa ana sayar wa manya su shafa a biredi, an zare shi ne daga bakin wani yaro da makonni shida na cinsa za su tashe shi.

Labarin ya sha bamban idan aka koma kan lafiyayyen baligi mai cin abinci iri-iri. A shekarun 1980 masana da yawa sun yi imani cewa tunda masu cin ganye da 'ya'yan itace ba su cika kamuwa da sankara ba, in aka ware sinadaran da ke cikinsu aka dunƙule a ƙwaya za a sami kariya iri ɗaya. An gwada, kuma sakamakon ya ba kowa mamaki. A Finlan an ba maza masu shan taba su 29,000 ko dai bita-karotin, sinadarin da ke sa karas ja, ko ƙwayar da ba komai a ciki. Da aka fitar da sakamako a 1994, sankarar huhu ta fi yawa da kashi 18 cikin 100 a cikin waɗanda suka sha sinadarin. Wani gwaji makamancinsa a Amurka dole aka dakatar da shi a 1996 saboda an ga irin wannan illa. A 2011 kuma gwajin bitamin E a kan maza kimanin 35,000 ya nuna ƙarin kashi 17 cikin 100 na sankarar furostet, ƙullin nan da ke ƙarƙashin mafitsarar maza. A 2022 kwamitin ƙwararru da ke ba Amurka shawara kan rigakafi ya duba tarin binciken ya ce babu isasshiyar hujja cewa ƙwayar haɗakar bitamin tana hana ciwon zuciya ko sankara, ya kuma ce kada a sha bita-karotin ko bitamin E da wannan niyya. Karas bai cutar da kowa ba. Abin da ya faru shi ne an ɗauki abu ɗaya daga cikin ɗaruruwan da ke aiki tare a cikin abinci, aka ninka shi sau da yawa, aka ba jikin da bai nema ba.

Mai saye yakan ce, to in bai yi amfani ba ai ba zai cutar ba. Ga bitamin C da dangin B, waɗanda ke narkewa a ruwa, yawanci asarar ta tsaya a aljihu, rarar tana fita a fitsari, shi ya sa yake yin rawaya shar. Amma A da D suna taruwa a hanta da kitse, kuma yawan bitamin A a farkon ciki yana iya nakasa ɗan tayi. Ƙarfe ya fi su buƙatar taka-tsantsan, domin jiki ba shi da hanyar zubar da rararsa, kuma a ƙasarmu ba kowane ƙarancin jini ne ƙarancin ƙarfe ba. Zazzaɓin cizon sauro yana fasa ƙwayoyin jini, tsutsar ciki da tsargiya suna tsotse shi, sikila kuma, wadda Nijeriya ta fi kowace ƙasa yawan masu ita, tana lalata shi tun daga halitta. Mai sikila da ake yi wa ƙarin jini a kai a kai ƙarfe ya riga ya yi masa yawa, ba shi maganin ƙarin jini ƙara masa ciwo ne. A tsibirin Pemba na Tanzaniya, inda sauro ya yi katutu, an dakatar da wani babban gwaji na ba ƙananan yara ƙarfe da folik asid, wanda aka buga a 2006, saboda an ga waɗanda ke sha sun fi kwanciya asibiti. Tun daga nan ƙa'ida ta zama cewa a irin yankunanmu ƙarfe ga yara yana tafiya ne tare da gidan sauro da gwaji da maganin zazzaɓi. Akwai kuma haɗarin da ba a cika faɗa ba: dattijon da jininsa ke raguwa saboda gyambon ciki ko ƙari a hanji, in ya yi wata shida yana shan maganin ƙarin jini daga kemis, ya ba ciwon wata shida ne ya yi jijiya. Shi kuwa lemon malt da madarar gwangwani da ake haɗa wa mai jego da sunan ƙarin jini, sukari ne da daɗin baki, ƙarfen da ke ciki bai taka kara ya karya ba. Mafi muni su ne ƙwayoyin ƙiba irin su sha-ka-fashe da ake sayar wa 'yan mata a matsayin bitamin, alhali sau da yawa magunguna ne masu ƙarfi irin deksametason, masu kumbura fuska, su tada sukari da hawan jini, su raunana ƙashi da garkuwar jiki.

Ya kamata mai saye ya san yadda kasuwar take. A Amurka, inda yawancin manyan kwalaben nan ke fitowa ko ake kwaikwayonsu, dokar 1994 ta ba kamfanoni damar fitar da kayan ciko ba tare da sun fara tabbatar wa hukuma cewa suna aiki ba, saɓanin magani na sosai. Ciniki ne na fiye da dala biliyan 100 a shekara a duniya. A Nijeriya lambar hukumar NAFDAC a jikin kayan ganye da na ciko tana da muhimmanci, kuma wanda babu ita a guje shi, amma ma'anarta ita ce an duba ba a ga guba ba, ba wai hukuma ta shaida cewa yana warkar da abin da mai talla ya lissafa ba. Zogale ya isa misali. Ganye ne mai albarka, yana da ƙarfe da kalsiyam da sinadarin da jiki ke mayarwa bitamin A. Amma kafso ɗaya bai wuce rabin giram na garinsa ba, kwanon kwaɗon zogale da ƙuliƙuli kuwa ya ninka haka sau da dama, ga furotin da man gyaɗa da ke taimaka wa hanji ya tsotsi bitamin ɗin, a kan kuɗin da bai kai na kwalbar ba.

Hujja mafi ƙarfi da masu goyon bayan ƙwaya ke da ita ita ce tsada, kuma ba a kawar da ita da wasa. A 2024 hauhawar farashin abinci a Nijeriya ta kai kusan kashi 40 cikin 100, Hukumar Ƙididdiga ta Ƙasa kuma ta nuna cewa kuɗin lafiyayyen abinci na baligi guda ya haura naira 1,000 a rana, a shekarar da aka tsayar da mafi ƙarancin albashi a naira 70,000 a wata. Gaya wa magidanci mai 'ya'ya shida ya riƙa sayen hanta da ƙwai da lemo kusan izgili ne. In haka ne, in ji su, me zai hana a raba wa kowa ƙwaya ɗaya mai arha? Amsar ita ce an daɗe da samun hanyar da ta fi wannan arha da tabbas, wato a zuba sinadarin a cikin abin da kowa ke ci ko yana so ko ba ya so. Ƙasar Siwizalan ta fara sa aidin a gishiri a 1922. Nijeriya ta wajabta shi a 1993, kuma duk wanda ya manyanta zai shaida cewa maƙoƙo, da a da ake gani a kowace kasuwar ƙauye, ya yi wuyar gani a wuyan matasa. Ba wanda aka bi gida gida ana roƙo ya haɗiyi komai. A 2002 aka wajabta sa bitamin A a sukari da man girki da fulawa, shi ne tambarin ido da ake gani a jikin buhu da galan. Ƙwaya tana buƙatar mutum ya tuna kullum, ya yarda, ya je ya karɓo, gishiri kuwa yana shiga tukunya da kansa.

Wannan hanya ma tana da ramukanta, kuma a nan ne ya kamata a matsa wa hukuma. Bitamin A yana lalacewa a rana, ga shi mafi yawan talakawa suna sayen mai ne a kwalba ko a ƙulli, wanda ya wuni a kan tebur a tsakiyar kasuwa, ba a ma san daga wace masana'anta ya fito ba. Garin masara da dawa da ake kai wa injin unguwa ba ya bi ta hannun kowane kamfani. Shi ya sa hankali ya koma kan dunƙulen miya, tunda ba gidan da ba ya shiga, har wasu kamfanoni sun fara sa masa ƙarfe. Dabara ce mai kyau matuƙar ba ta zama hujjar ƙara yawansa a miya ba, domin hawan jini ya riga ya yi mana yawa, kuma gishirin da aka yarda baligi ya ci a rana bai kai giram 5 ba. Hanyar da ta fi dacewa da manomi mai cin abin da ya noma ita ce a inganta irin shukar kanta. A 2011 aka fitar da rogo mai rawayan ciki a Nijeriya, mai ɗauke da sinadarin bitamin A, daga baya masara mai ruwan lemo da dankalin Hausa mai jan ciki suka biyo. A 2018 Nijar ta amince da wani irin gero mai suna Chakti, wanda cibiyar binciken ICRISAT ta samar, mai ƙarfe da zinki fiye da geron da aka saba, kuma mai saurin nuna. Ta hanyar barbarar iri aka same su, irin wadda manoma suka sani. Wanda ya shuka ya ajiye iri, shekara mai zuwa ba sai ya nemi kowa ba.

A cikin gida ma akwai gyaran da ba ya cin kuɗi. Shayi yana da sinadarin da ke rage ƙarfen da hanji zai tsotsa daga abinci da fiye da rabi, don haka mai ƙarancin jini ta raba shi da cin abinci da kamar awa guda. Abu mai bitamin C yana yin akasin haka: matsa lemon tsami a kan wake, ko cin gwaiba ko shan kunun garin 'ya'yan kuka bayan tuwo, yana buɗe wa ƙarfen hatsi hanya. Jiƙa gero da barinsa ya yi tsami, kamar yadda ake yi wa kamu da koko, yana karya fayitet. Manja ja yana da sinadarin bitamin A mai yawa, amma in aka soya shi har ya yi fari yana hayaƙi an kashe shi. Ƙananan busassun kifi da ake dakawa da ƙashinsu kalsiyam ne, fara da ake soyawa da yaji tana da furotin da ƙarfe, awara kuma, wadda ita ma baƙuwa ce a ƙasar Hausa, ta nuna ba duk abincin zamani ne koma baya ba. Cokali guda na garin gyaɗa ko waken suya a kunun yaye ya fi ƙarfin yawancin ruwan bitamin da ake saya wa jarirai don su ci abinci.

Saura waɗanda abinci da gishiri ba za su ishe su ba, kuma a nan ne gazawar ta fi ciwo. Binciken 2018 ɗin nan ya nuna matan da suka sha ƙwayar ƙarfe na kwana 90 ko fiye a lokacin ciki ba su kai ɗaya cikin uku ba, yaran da suka sami ɗigon bitamin A a watanni shidan da suka gabaci binciken kuma ba su kai rabi ba. Dalilan sanannu ne. Ƙwayar tana sa tashin zuciya da taurin bayan gida, tana mayar da shi baƙi, in ba a gaya wa mace tun farko cewa wannan ba illa ba ce, kuma shan ta da dare bayan abinci yana sauƙaƙa shi, sai ta daina. Wasu suna tsoron jariri zai yi girma ya wahalar da su wurin haihuwa, alhali abin da ke kashe mata a ɗakin haihuwa shi ne zubar jini a jikin da dama jininsa bai kai ba. Akwai kuma zargin duk abin da aka kawo kyauta, zargin da gwajin maganin Trovan a kan yaran Kano lokacin annobar sanƙarau ta 1996 ya ba shi gindin zama. Ba za a ce wa mutane zarginsu ba shi da tushe ba, amma ana iya nuna musu cewa jar ƙwayar awo ita ce dai matar likita ke sha, kuma ana sayar da irinta a kemis ga mai son ya biya.

Folik asid yana da wata matsala ta lokaci da awo ba zai taɓa warwarewa ba. Ƙashin bayan ɗan tayi da ƙwaƙwalwarsa suna rufewa ne cikin kwana 28 na farko, tun mace ba ta tabbatar da cewa ɓatan watan ciki ba ne, yawancin matanmu kuma ba sa fara zuwa awo sai ciki ya kai wata huɗu ko biyar. Wadda ya kamata ta fara sha ita ce budurwar da aka sa wa rana, da matar da ta yaye tana sa ran wani. A al'adarmu ana ware makonni ana gyaran amarya, ana kashe kuɗi masu yawa a kan tsumi da gumba da kazar amare, kuma a jihohi irin su Kano da Jigawa an riga an saba da zuwa gwajin jini kafin ɗaurin aure. Ma'aikaciyar da ke miƙa wa amarya takardar sakamakon gwajin nan tana iya duba yawan jininta a zama ɗaya, ta haɗa mata da folik asid na wata uku, wanda kuɗinsa bai kai na turmin atamfa ɗaya daga cikin lefe ba.